Wanda Zai Yanka Bunsurun Kirsimeti

Zuwa ga 'yata Saratu, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta sai dai in ce Uwata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka Malumfashi lafiya, kin sha ruwa, kin huta gajiyar hanya. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa.

Kin san ni ba mai dogon karatu ba ne. A aji huɗu na tsaya a firamare, sauran kuwa a bencin majami'a na tsince shi. Kwana shida ke nan ina rubutun nan, kullum in na dawo daga gona kafin rana ta faɗi. In kin ga inda na karkace, ki gyara a zuciyarki, kada ki nuna wa ƙawayenki 'yan makarantar asibiti su yi wa ubanki dariya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi ran Lahadi, da aka kira ki gaban majami'a don a yi miki addu'ar sallama. Kin ce ba za ki bar gidan Hajiya Binta ba sai kowa a gidan ya ji bishara daga bakinki. Mutane sun tafa miki, mamanki har da hawaye. Ni ma na ji daɗi, don uba ba ya roƙon abin da ya wuce 'yarsa ta so Ubangiji. Amma gabana ya faɗi, domin muryata na ji a bakinki, muryar da nake da ita ina ɗan shekara ashirin.

Hajiya Binta ba ta san ki sosai ba. Ta ba ki ɗaki a gidanta, za ki ci daga tukunyarta shekara uku, don kawai ita yayar Baffanki Lawal ce, kuma don zumuncin da ke tsakanin gidanmu da nasu. Su Musulmi, mu Kirista, danga ɗaya ta raba mu tun kafin a haife ni. Zumuncin nan kakarki ce ta gina shi, wadda kika ci sunanta. Ni kuwa saura kaɗan in rushe shi da hannuna. Yanzu ke za ki ɗauke shi ki tafi da shi wani gari, don haka gara ki ji yadda na yi.

A ranin da aka yi mini baftisma na je wani taron matasa a Funtua, kwana uku. Na dawo da tambayoyi cike da kaina, irin waɗanda aka ce in ka jefa wa mutum ba zai iya amsawa ba. Ina ta neman inda zan gwada su. Da damina ta kankama, Malam Idi, mahaifin Lawal, ya kira gayya a gonarsa ta dawa. Muka fita mu wajen ashirin, da mai ganga a bayanmu. Da rana ta take aka kawo fura gindin ɗorawa, muka zauna. Ni da Lawal ƙwarya ɗaya muke sha tun muna kiwon awaki. A cikin masu gayyar akwai yayyen yarinyar da yake nema. Ni kuwa a nan na ga damata. Na ɗaga murya na jefa masa tambaya kan addininsa. Ya yi dariya ya ce in bari mu sha fura. Na ƙara wata. Ya fara amsawa ya sarƙe, wasu suka kwashe da dariya, har da ɗaya daga cikin yayyen yarinyar. Lawal ya ajiye ludayi, ya ɗauki garmarsa, ya koma kunya shi kaɗai cikin rana.

Inna, wato kakarki, tana cikin matan da suka kawo furar. A hanyar gida ina gaba ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi, sai ta tambaye ni wa na samo wa Yesu yau. Na ce ban samo kowa ba tukuna, amma ai sun ji gaskiya. Ta ce: "Abin da suka ji shi ne Ayuba ya iya magana. Ni kuwa abin da na gani, yaron mutane bai gama shan furarsa ba."

Ban gane ba a lokacin. Uwata, kada ki taɓa tsayar da mutum a gaban jama'a kan abin da yake bauta wa. In kin fi shi baki, kin dai fi shi baki, shi ke nan ribarki. Wanda kika kunyata ba zai ƙara jin komai daga gare ki ba, ko da ruwa kika ce masa ga shi can. A makaranta za ki haɗu da masu son gardama, namu da nasu. Ki gaishe su, ki wuce.

Wannan kuskure na farko ke nan, kuma da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi.

Ke kin tashi kin ga kowace Kirsimeti Baffanki Lawal ne yake zuwa da sassafe ya yanka mana bunsuru, har kina ganin kamar haka duniya take. Bari in gaya miki asalinsa. Kakannina ba Kirista ba ne, ba kuma Musulmi ba. Akwai wata tsamiya a bayan unguwa, can suke yanka wa iskoki kaza da akuya. Maƙwabta sun san haka, shi ya sa ba sa cin yankanmu. Da Inna da Baba suka karɓi bin Yesu suka bar tsamiya, amma maƙwabta ba su da hanyar leƙa zuciyar mutum su ga abin da ya bari. Sai Inna ta ce wa Baba, tunda ranar haihuwar Mai Ceto rana ce ta kowa, a nemo hannun da kowa zai ci yankansa. Tun daga nan Malam Idi yake zuwa da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya yanka, a ba shi wuya kamar yadda aka saba. Inna ta dafa shinkafa da miya, mu yi addu'armu a kai cikin sunan Yesu, a zuba kwano bakwai a kai gida bakwai. Da Babbar Sallah su ma namansu ya shigo mana. Bayan rasuwar Baba ma ba ta fasa ba ko sau ɗaya.

A shekarar gayyar nan ni na sayi bunsurun da kuɗin audugata, ga shi na yi aure, ina ganin na zama maigida. Na ce wa Inna bana ni zan yanka. Na ce kiran wani ya yanka mana tsoro ne, kamar mun yarda hannunmu yana da ƙazanta. Na yi mata wa'azi sosai, ita da ta riga ni sanin Ubangiji da shekara ashirin. Ta saurare ni har na gama tana tsince wake a faifai, sannan ta tambaye ni, naman nan mu za mu ci ko mutane za mu ciyar. Na ce duka biyun, kuma duk mai ƙaunarmu zai ci. Ta ce to.

Na yanka tun da wuri. Ina cikin fiɗa sai ga sallamar Malam Idi, a daidai lokacin da ya saba zuwa, don ban ko aika masa cewa kada ya zo ba. Ya dubi bunsurun a rataye, ya dube ni. Ya yi mana barka da Kirsimeti, ya tambayi lafiyar amarya, ya tura wuƙarsa cikin aljihun riga a hankali kamar kada in gani. Na gani. Inna ta raka shi har ƙofar gida, ta durƙusa ta yi masa godiya kamar ya yi aikin.

Ta dafa kamar kullum. Mamanki ta kai kwanonin gida-gida, ta dawo ta ce kowa ya karɓa da hannu biyu, ana ta sa albarka. Na dubi Inna na ce ai ga shi nan.

Da la'asar Baba Yakubu, dattijon majami'armu da ke can ƙarshen unguwa, ya aiko in zo. Na same shi a kan tabarma, ga kwanoninmu bakwai a jere a gabansa, ko murfi ba a ɗaga ba. Ya ce: "Ayuba, bana ka tuna da ni ƙwarai. Haƙorina huɗu, ka aiko mini da bunsuru guda ta ƙofa bakwai."

Ashe kowane gida sun karɓa don kada su ba Inna kunya, ba su iya ci ba, ba su kuma yarda su zubar da abinci ba. Sai kowa ya zagaya ta bayan gida ya aika wa Baba Yakubu, ba tare da wani ya san abin da wani ya yi ba. Har yau in na tuna ina jinjina wa mutanen nan. Ni na ci musu fuska, su kuwa suka bi ta bayan danga don su rufa mini tawa.

Amma ba naman ne babbar asarar ba. Kowace shekara, in an ci abincin, matan unguwa sukan shigo da yamma su yi wa Inna barka, su cika tsakar gida. A nan ne wata za ta ce, Saratu, wai yaya labarin haihuwar nan yake? Sai Inna ta ba su labarin, tana ɓarar gyaɗa, ba ɗaga murya, ba zagin kowa. Wasu sun ji shi sau goma, amma sai sun sake tambaya. A waccan shekarar tabarmi uku ta shimfiɗa, ba wadda ta shigo. Kunya ta hana su, don ba su ci ba. Na ga Inna ta naɗe tabarmin ita kaɗai. A nan na gane wuƙar Malam Idi ba tsoro ba ce. Da ita Inna take buɗe ƙofar gidanmu, ni kuma na zo da tawa na rufe.

Don haka, Uwata, a gidan Hajiya ki sa ido kafin ki buɗe baki. Ki lura da abin da suke ci da abin da ba sa ci, da inda suke ajiye buta, da tabarmar da ba a takawa da takalmi. In suna salla ki rage muryar waƙarki. In suna azumi kada ki zauna tsakar gida da kwano a gaba, ki ma sa hannu a aikin buɗa-baki. Duk wannan bai rage miki komai a wurin Yesu ba. Akwai abin da in kin saki kin saki Ubangijinki, wannan ki riƙe shi ko ana ha maza ha mata. Akwai kuma abin da girman kai ne kawai ya sa rigar addini. Ni na kasa bambance su, sai da tsoho mai haƙori huɗu ya nuna mini.

Shekara guda Lawal bai shigo gidanmu ba. In mun haɗu sai gaisuwa, irin ta mutanen da suka haɗu a tasha. Da Kirsimeti ta sake matsowa na ce wa Inna ta aika wa Malam Idi. Ta ce ƙafarta ba ta yi laifi ba, ƙafar da ta yi ita za ta je. Kwana biyu ina wucewa ta ƙofar zaurensa ina kasa shiga. A na uku na shiga na tsuguna. Bai bari na gama ba da haƙuri ba. Ya ce a cikin malamansu ma akwai masu cewa yankan Kirista ya halatta, amma mutanen unguwar nan da idonsu suka ga tsamiya, zuciya kuwa ba a yi mata dole. Ya ce ba hannuna suke ƙyama ba. Sannan ya ce shi yanzu hannunsa rawa yake yi, sai dai Lawal ya zo a madadinsa.

A makon da muka yi maganar na ga Malam Idi yana sassaƙa ƙotar fartanya da gizago, hannunsa ko rawa ba ya yi. Tsohon nan so yake ya haɗa mu, kuma bai taɓa faɗa ba har ya koma ga Allah.

Lawal ya zo da wuƙar ubansa, fuska ba walwala. Na riƙe ƙafafun bunsurun, bunsurun ya fizge ya shure ni a haɓa har na zauna a ƙasa. Lawal ya yi ta ƙoƙarin danne dariya, ta ƙwace masa. Ya ce: "Riƙe da kyau mana, Fasto. Ko shi ma tambaya za ka yi masa?" Daga ranar ya laƙaba mini Fasto, ni da ko karatun jawabi a majami'a sai na yi tuntuɓe.

Yanzu saura kuskure na uku, wanda ya fi ba ni kunya, don shi ba a gaban kowa na yi shi ba.

Bayan abin nan sai na koma ɗaya gefen. Na kulle bakina gaba ɗaya. In zance ya doso addini sai in ce ai duk ɗaya ne, in kawo maganar taki. Ina ganin wannan shi ne zaman lafiya. Kina 'yar shekara biyar mahaifiyar Lawal ta kwanta, ɓarin jikinta ya mutu. Hajiya Binta tana Malumfashi da nata ƙananan yara, matar Lawal kuma ga tsohon ciki. Inna ce take shiga kullum da safe, ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta wanke zannuwan da ta ɓata, ta ba ta kunu a baki. In lokacin salla ya yi ita take juya ta ta fuskanci gabas, ta fita ta ba ta wuri. Wata tara tana wannan.

Wata rana muna yankan dawa ni da Lawal, sai ya tsaya ya ce yana so ya tambaye ni wani abu tsakani da Allah. Ya ce me ya sa Inna take yin abin da ko 'yar cikin mutum sai ta yi da ƙyar. Kin ji tambayar da na yi shekaru ina so a yi mini. Sai na ji tsoro, na ce ai halinta ne kawai, haka Allah ya yi ta. Ya ce haka ne, muka ci gaba da aiki.

Da na ba Inna labari, ina zaton za ta ji daɗi, sai na ga ranta ya ɓaci fiye da ranar bunsuru. Ta ce in je in tambayi tsofaffin unguwa halinta na da. Ta ce ita ce mai dafa giya a unguwar nan, ba ranar kasuwar da ba ta yi dambe ba, kuma ita da uwar Lawal ɗin nan sun yi shekara uku ba sa magana saboda akuya ta shiga gona. Ta ce: "Da ba a tambaye ka ba ka yi ta surutu. Yau an tambaye ka, ka ɗauki yabon Yesu ka ba ni. Koma ka mayar masa da abinsa."

Washegari a gona na ce wa Lawal amsar da na ba shi jiya ba cikakkiya ba ce. Na gaya masa yadda Inna take a da. Na ce ita ta gaskata Yesu ya yafe mata tun ba ta nema ba, ya wanke ta tun tana cikin dauɗarta, shi ya sa wanke wani ba ya yi mata nauyi. Na ce ni ma abin da na dogara a kai ke nan, a rayuwa da ranar mutuwa. Maganar ba ta kai tsawon ɗaure dami ɗaya ba. Lawal ya dubi zangarniyar da ke hannunsa, sannan ya ce ya ji, kuma ya gode da ban ɓoye masa ba.

Kada ki zaci zan ce miki ya bi ni majami'a. Baffanki Musulmi ne har gobe, ba ya wasa da sallarsa, kuma ban san mutum mai amana kamarsa ba. Ina yi masa addu'a kullum, ya sani, ya ce shi ma yana yi mini. Daga ranar yakan tambaye ni abu, in amsa iyakar sanina, in na tambaye shi ya amsa. Abin da ke zuciyar mutum kuwa aikin Allah ne, ba a ba ni shi ba, ke ma ba a ba ki ba. Abin da aka ba mu shi ne mu zauna da mutane yadda wata rana za su yi tambaya, in sun yi kuma kada mu ɓoye. Ki je majami'arki ran Lahadi a fili, ki yi addu'a kan abincinki, ki yi karatunki da safe. In Hajiya ko 'ya'yanta suka tambaye ki, ki faɗi gaskiya a taƙaice, ki faɗi abin da Yesu ya yi miki ke kanki, ki yi shiru. Haka za ki yi da marasa lafiyar da za a ba ki a asibiti. Ki fara iya ɗaga mutum ba tare da kin ji masa ciwo ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Maganarki ta ran Lahadi ta fita daga majami'a, kin san unguwarmu. Shekaranjiya ina cire ciyawa a gonar waken suya sai ga Lawal a kan babur. Ya kashe, ya zauna a kai bai sauko ba. Ya ce ya ji kin yi alkawarin yi wa Yaya Binta wa'azi, kuma Yayar ma ta ji. A raina na ce shi ke nan, ɗaki ya tafi, abin da Inna ta gina kuma ya sake tsagewa ta gidana. Na fara ba shi haƙuri, na ce yarinta ce.

Ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ma abin da ya ce wa Yaya ke nan a waya, har ya tambaye ta ko a nema miki wani wuri. Ta ce masa a'a. Ta ce matar da ta wanke mata uwa wata tara, jikarta ba za ta kwana a gidan haya ba tana garin. Ta ce ki zo, in Inna kika ɗauko, duk abin da za ki faɗa za ta zauna ta saurara.

"In kuma kai ta ɗauko," in ji Lawal yana tayar da babur, "to Allah ya ba Yaya haƙuri."

Na yi dariya har ya ɓace, sannan na zauna a kan kunya na share idona. Kin ga, Uwata, tun ba ki buɗe baki ba an riga an yi miki alkawarin kunne a gidan nan. Ba ke kika saye shi ba, ba ni ba. Wata tsohuwa ce da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta biya shi da bayanta da hannuwanta. Kada ki yi gaggawar kashe shi.

Ki gaishe da Hajiya, ki durƙusa in za ki gaishe ta. In za ki zo gida ki taso da hantsi, kada ki yarda yamma ta yi miki a hanya, kin san yadda hanyoyinmu suka koma. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki daga mugun ji da mugun gani, ya ba ki hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya, ya nuna miki lokacin magana da lokacin shiru. Ya sa gidan da kika shiga su yi farin ciki da zuwanki. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Ayuba